Malam Haggai da Duwatsun Gonar Saloma

Kafin masu baburan kabu-kabu su fara kai-komo a bakin kasuwar Zuru, Malam Haggai ya riga ya fita. Shekara talatin da 'yan kai haka yake yi. Ya saka tsohuwar kwat ɗinsa mai aljihun da suka sha faci, ya soke ƙaramar guduma a ɗamara, ya bi ta bayan gari maimakon titi, domin a cewarsa kwalta ba ta da labarin da za ta ba shi. Tafiyar ba nisa gare ta ba, shi ne ke mayar da ita doguwa. Ya yi taku kaɗan ya duƙa, ya ɗauki dutse, ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa, ya ɗaga shi saitin rana yana murmushi shi kaɗai. Matan da ke zuwa ɗiban ruwa sun daɗe da daina mamaki. "Malam na gaisawa da danginai," in ji su, su raɓa shi su wuce da bokitansu.

Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren gwamnati da ke gefen gari, kuma bana ya ajiye alli. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira mai hoto ba. Abokan aiki suka haɗa masa lemo da biskit a ɗakin malamai, aka yi gajeren jawabi, aka tafa, aka watse, shi kuma ya tattara duwatsunsa a buhu ya ɗaure a bayan keke. Wannan sallama ta yi wa mutum irinsa kaɗan, kuma abin ya tsaya wa da yawa daga cikinmu a rai. Shi ya sa yau za a faɗi abin da ba a faɗa ba a ɗakin malamai.

Duk wanda ya zauna a ajinsa ba zai manta da ranar daro ba. Zai sa a kawo daro cike da ruwa, ya jefa guntayen sakaina a kai, ya ce kowa ya matso. Sai ya duƙa ya hura a hankali. Guntayen su rabu, wasu su yi karo, wani ya hau kan wani.

"Ƙasar ga da kuke takawa haka take," in ji shi. "Ba faifai guda ba ce. Manyan gutsattsari ne, suna bisa wani abu mai zafi da ke motsi can ƙasa. Yanzun ga da muke magana, Zuru tafiya take."

Aji ya kece da dariya. Ba a rasa wanda zai buga ƙafa a daɓe ya ce shi dai bai ji komai ba. Malam ya ce masa ya dubi farcensa, ya taɓa jin sa'ad da yake tsirowa? Amma ga shi kullum sai an yanke. Daga nan muryarsa ta sauka, idonsa ya bar aji ya fita ta taga, ya hau tsaunukan da ke kewaye da gari. Ya ba su labarin zamanin da Afirka da Amurka ta Kudu suke manne da juna, zamanin da in da akwai ɗan Adam, da zai tashi daga Legas ya shiga Brazil a ƙafa ba tare da ya naɗe wando ba. Ya ce kwarin Binuwai wuri ne da ƙasa ta fara yagewa sannan ta fasa. Ya ce wajen Sakkwato teku ne a da, har yau ana tono ƙasusuwan kifi a inda raƙuma ke tafiya. Tsaunukan Zuru kuwa sun girmi duk wannan. An same su ne lokacin da manyan yankunan ƙasa suka yi karo, suka matse abin da ke tsakaninsu har dutse ya yi laushi ya lanƙwashe, kuma abin da muke gani yau tushensu ne kawai, ruwa da iska sun cinye sauran. In ya kai nan, ko an buga ƙararrawa ba mai motsi. Yaran da suka zo da yunwa sukan manta da ita na ɗan lokaci, suna zaune a kan benci suna jin kamar garinsu kwalekwale ne da ke ɗauke da su zuwa wani wuri. Shi kuma ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya ce, "Ubangiji ba ya gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba."

A gida kuwa ba a ɗaukar wannan mafarki da zafi. Matarsa Theresa, wadda ita ke facin aljihun nan, ta sha gaya masa a gaban baƙi, "Baban Destiny, mazan mutane na shigowa da cefane, kai kana shigowa da tsakuwa. Da wane itace za mu dafa ta?" Ya yi dariya, ta yi tsaki, gobe ta sake zura zare a allura. Ita ce kuma ke hana jikoki taɓa duwatsun da ke jere a kan tagar falo.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin nan a sama kawai yake yawo. Kai ne, Malam, lokacin da zazzaɓin zinariya ya kama samarin ƙauyuka, suna kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa gida, mata suna daka su a turmin da ake surfen dawa, ka hau kekenka ka bi gida gida. Ka ce musu wasu duwatsun nan na ɗauke da dalma, ƙurarta guba ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. An ce maka baƙin ciki kake yi da arzikin mutane. An bar ka tsaye a ƙofar gida ba ko tabarma. Ba ka yi fushi ba, ka koma, ka sake komawa, har iyaye mata suka fara fitar da aikin nan bayan gari, suka ware masa turminsa daban. Ba wanda zai iya nuna maka yaran da ka tsare, domin ba abin da ya same su, suna nan suna wasansu.

Amma labarin da ya fi dacewa a san mutumin nan da shi, na gonar Saloma ne.

Saloma dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune a wata 'yar unguwa da ke jingine da tsauni a hanyar Manga. Gonar da take nomawa ta mahaifinta ce. 'Yan uwanta maza duk sun tafi soja, kamar yadda mazan ƙasar nan suka saba, ba wanda ya dawo ya riƙe hauya, sai gonar ta zauna a hannunta. Gona ce a gangare, wadda in ba don dabara ba ko ciyawa ba za ta riƙe ba. Dabarar kuwa ita ce jeren duwatsu da aka gitta wa gangaren, hawa hawa kamar matakala, kowane jeri bai wuce gwiwa ba, kowanne kuma ya tare ƙasa a bayansa. Mijinta Joel ne ya jera su. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayin da ke neman aure sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana yi wa uban yarinya noma, shi da tsaransa, kafin a ba shi ita. Wasu samarin huɗa da noma kawai suke yi su tafi. Joel kuwa ya dubi gangaren surukinsa ya ga yana zubewa, sai ya shiga ɗauko duwatsu a kafaɗa. Saloma tana budurwa, ita ke kai musu kunu, ta ajiye ƙwarya ta tsaya daga nesa tana satar kallonsa. Duk wasiƙar soyayyar da Joel ya taɓa yi mata ke nan, don bai iya zance ba.

Ɗansu guda, Dominic, tsohon ɗalibin Malam Haggai ne, yanzu kabu-kabu yake yi a Zuru. Shekara biyu da suka wuce, da rani, ciwon ido ya kai Saloma Kaduna wurin yayanta Saje Ɗanjuma, wanda ya yi ritaya daga soja ya zauna a can. Tana can wani mai tifa ya zo unguwar neman duwatsun harsashin gini. Dominic ya ɗaga kai ya ga duwatsu a fashe, a jere, kamar an tanada don a zo a ɗauka. Ya tuna ɗakin uwarsa na yoyo. Ya kuma yi tunanin in an kawar da su, gona za ta buɗe, har shanun huɗa su iya shiga, tsohuwa ta huta da duƙawa. Da zuciya ɗaya ya sa aka kwashe jeren da ke sama duka, ya karɓi kuɗin ya rufa mata ɗaki da sabon kwano, yana jiran ta dawo ta sa masa albarka. Garin neman gira aka rasa ido.

Da ta dawo ta ga gonar, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a inda jeren farko yake a da, ta daɗe, sannan ta tashi ta shiga ɗakinta mai sabon rufi. Dominic ya ce da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Damina ta sauka, ta yi abin da ta saba yi wa gangaren da ba shi da mai tsaro. Ruwa ya gangaro ja wur, ya tafi da iri, ya tafi da taki, ya tafi da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Kafin dawa ta kai gwiwa a gonakin maƙwabta, saman gonar Saloma ya zama falalen dutse, fes, yana ƙyalli in rana ta fito. Abin da ta girbe a shekarar bai rufe gindin rumbu ba. Labari ya kai Kaduna, Saje Ɗanjuma kuma ba mutum ne mai magana biyu ba. Ya aiko cewa ya ba gonar damina ɗaya. In ba ta ciyar da ƙanwarsa ba, zai zo da mota ya ɗauke ta, ta ƙarasa kwanakinta a gidansa. Ba mugunta ba ce, kulawa ce. Amma a gindin tsaunin nan aka binne Joel, a nan aka yanke cibiyarta, kuma ta san tsohuwar da aka kai birni ba ta dawowa da ƙafarta.

Da yamma Dominic ya faka babur a ƙofar gidan Malam, ya durƙusa tun daga bakin zaure.

"Malam, na yi ɓarna."

Ya kwashe labari ya gaya masa. Daga ƙarshe, kansa a ƙasa, ya ƙara da cewa, "Kai ka ce muna a aji dutsen tsauninmu ya fi kowane ƙarfi, ba irinai wurin gini. Shi na tuna ranar da mai tifa ya zo."

Maganar ta soki Malam, kuma bai kare kansa ba. Ranar Asabar ya hau bayan babur ɗin suka tafi. Ya hau gangaren a hankali, ya tsuguna a kan falalen, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kai. Dutse ne kyakkyawa, mai zane fari da baƙi a lanƙwashe, irin wanda a wata ranar zai sa shi ya manta da abincin rana. Ran nan kuwa baƙin ciki ya ji. Ya zauna yana kallon zanen, yana ganin yadda rana ke gasa dutsen, sanyin asuba ya tsuke shi, ya tsage siririyar tsaga, ruwa ya shiga, saiwar ciyawa ta bi, ganye ya mutu a kai, tsutsa ta juya, har a hankali abin da yake dutse ya zama abin da zai riƙe ƙwayar dawa. Ya ga tsararraki suna wucewa ta gabansa, masu hauya suna zuwa suna tafiya, ƙasar tana ƙaruwa da kaurin takarda. Sannan ya ga duk wannan yana gangarawa cikin damina guda.

"Dominic," ya ce, "taƙi ɗaya na ƙasar noma da ta bar nan, dutsen ga ya fara yin ta tun kakan kakanka bai zo duniya ba. Na ba ku labarin abin da ke can ƙarƙashi, na yi ta ba ku, wanda ke saman nan kuwa na bi ta kanshi a guje."

"Ke nan ta tafi, Malam?"

"Ƙasa ba ta ɓacewa, wuri take sakewa. Mu sauka mu ga inda ta kwana."

Suka bi sawun ruwan har kwarin da ke gindin tsauni. Da yawa ta wuce rafi, ba mai sake ganinta. Amma wata ta maƙale a lungunan kwarin, jibge, baƙa, mai laushi. Malam ya dumbuza ya shinshina, fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce da rani za a fasa sabbin duwatsu a mayar da jeri, a ɗauki wannan a kai a mayar da ita inda ta fito.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ne, Malam, wanda bai taɓa roƙon kowa komai don kansa ba, ka bi tsofaffin ɗalibanka ɗaya bayan ɗaya kana kiran gayya. Ka same su a gareji, a tashar mota, a shagon ɗinki, a bakin coci da bakin masallaci. Wasunsu ko rabin maki ba su taɓa ci a darasinka ba, amma sun tuna daro, suka zo. Obiora, mai shagon kayan gini da ya girma a Zuru, ya fito da manyan gudumomi da kwanukan ɗaukar ƙasa ya ce, "Malam, ka ɗauka. In kun gama ku kawo, in ya karye shi ke nan." Har yau in an yi zancen, sai ya ce shi bai taɓa ganin mutum mai furfura yana murna da zai je ɗaukar dutse ba sai ran nan.

Duk Asabar ɗin ranin nan a kan tsauni suka yi ta. Da sassafe a hura wuta a kan wani ƙaton dutse da ke gefen gona, a bar ta ta ci, sannan a watsa ruwan sanyi. Dutsen ya yi ƙara, bayansa ya ɓantare. Malam ya ce abin da rana da sanyi ke yi cikin dogon zamani ne suka taƙaita. Samari masu jini a jika suka fara kai wa ɓantarorin duka ta ko'ina, guduma na tsalle tana dawowa, sai ya tsayar da su ya bi zanen nan da yatsa. Ya ce wannan shi ne sawun matsar da dutsen ya sha ranar da ƙasashe suka yi karo, kuma ta nan yake da rauni. A bi zanen, kada a gitta shi. Aka bi, dutse ya riƙa buɗewa fala-fala. Theresa, wadda ta hau tsaunin da tukunyar wake don ciyar da 'yan gayya, ta tsaya ta ga hayaƙi na tashi daga kan dutse, ta riƙe haɓa. "Yau na ga mai haƙuri ya dafa dutse," ta ce. "Saura romon."

Fasa dutse daban, jera shi daban, kuma Malam bai ɓoye cewa bai taɓa jerawa ba. Dominic, da nadama ke ci, ya so ya yi wa uwarsa abin da ba tifar da za ta sake ɗauka. Ya sayo siminti, suka ɗora jeren farko suka liƙe shi tsaf, ba ko kafar allura, suka ja da baya suna yaba aikinsu. Sai ga Saloma ta hauro da ƙwaryar kunu. Tun ranar da aka fara aikin, sai dai ta kawo kunu ta ajiye ta koma. Ran nan ta tsaya, ta bi katangar da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Joel bai taɓa toshe bakinsu ba," ta ce.

"Mama, haka ya fi ƙarfi," in ji Dominic.

"Ruwa baƙo ne, ɗana. Ba a tare mai hanya, ture ka zai yi. A amshe kayan da ya ɗauko, a bar shi ya wuce."

Malam ya buga cinya don murna, ya ce a rushe. Ya jawo mata dutse ta zauna a inuwa, ya ce yau ita ce malama. Da tsohuwar zuma ake magani. Ta rufe idon nan da aka yi wa aiki, ta koma shekarunta na budurci, tana faɗin abin da ta gani daga nesa tana riƙe da ƙwarya. A fara tona ɗan gurbi. Manya a ƙasa, su jingina da tsauni kamar mai hutawa. Kowane dutse ya hau kan biyu. Ƙanana a baya, a cusa su ba tare da an danne ba. Tana faɗi, malamin da ya kusa shekara sittin yana ɗorawa, yana waigowa yana tambaya, "Haka, Maman Dominic?" Wani lokaci ta ce haka ne, wani lokaci ta ce a juya shi. Sau ɗaya ta juya fuska, aka ƙyale ta har ta share idonta.

Da jeri ya tashi, mata da maza suka yi layi daga kwari zuwa gona, kwano na bin kwano. Aka haɗa da takin awaki da tokar murhu. Ƙasar ba ta kai kaurin ta da ba, ko kusa. Amma falalen ya rufu.

Ruwan farko mai ƙarfi da rana ya zo, kuma Malam yana can. Suka fake a bukkar gona su uku, shi da Saloma da Dominic. Ruwa ya taho daga sama ja, ya iske jeren farko, ya tsaya, ya taru, ya yi kamar zai hau, sannan ya fara tsiyaya ta kafofin duwatsu. Ya iske na biyu, ya sake tsayawa. Kafin ya kai ƙasa ya rage ja, ya rage fushi. Wani lungu ya zube, suka fita cikin ruwan suka tayar da shi. Dawa ta tsiro, siririya a sama, mai ƙarfi a ƙasa.

Da kaka Saje Ɗanjuma ya cika alkawari. Ya bar mota a gindin tsauni ya hauro yana dogara sanda. Ya gaisa da kowa, ya sha ruwa, ya wuce kai tsaye ya leƙa rumbu. Da ƙyar ya kai rabi.

"Wannan ba zai kai ki bazara ba, Saloma. Haɗa kayanki."

Ba ta motsa ba, ba ta kuma musa ba, don ba a jayayya da yaya a gaban mutane. Saje ya juya wajen Malam, wanda ke can gefe yana gyara wani dutse da ya goce.

"Malam, an ce kai ne mai ilimin ƙasa. Gaya mani tsakani da Allah, gonar ga za ta koma yadda take?"

Dominic ya kafe malaminsa da ido, roƙo ƙarara a fuskarsa. Kalma ɗaya ake so, kuma ba wanda zai kama shi da ita. Malam ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Ba a rayuwarmu ba, Saje."

Saloma ta sunkuyar da kai.

"Amma zo ka sa hannu nan." Ya kai shi bayan jeren tsakiya, ya kama yatsan tsohon sojan ya nutsa shi cikin wata laka mai laushi da ta kwanta a wurin. Ta rufe gaɓar farko. "Wannan ba mu munka kawo ta ba. Ruwan bana ne ya ajiye. Baɗi zai ƙara, baɗin baɗaɗa ya ƙara. Rumbun ga zai riƙa hawa a hankali, in dai akwai mai tayar da dutsen da ya faɗi bayan kowane ruwa."

"To wa zai yi? Yaron ga na bisa babur yana neman abinci, ita kuwa ta tsufa."

"Ni. Na kusa ajiye aiki."

Saje ya dube shi sama da ƙasa. Mutanen tsauni ba sa wasa da gonar gado, kuma baƙon da ya cika zuwa gonar mutane, wata rana 'ya'yansa ke cewa tasu ce. "Ka yi haƙuri, Malam," ya ce. "Ka yi muna alheri, Allah ya saka. Amma kai ba namu ba ne. Ba ni barin gonar Baba da ƙanwata a hannun wanda ba dangi ba."

A nan Saloma ta ɗago.

"Yaya, wa ya ce ba namu ba ne? Mutum ya kwashi tsaranai da ƙannenai, ya yi rani guda yana ɗaukar dutse a gonar Baba, ga shi ya ce zai ƙara wasu shekarun. A wurinmu mi ake ce ma wannan?"

Saje ma da ƙuruciya ya duƙa a gonar wani kafin a ba shi matarsa.

"Golmo," ya ce.

"To. Ɗiya dai ba ni da ita da zan ba shi, kuma yana da tashi matar, ga ta nan ta ciyar da mu wake. Amma wanda ya zuba gumi a gonar ga ya zama ɗan gida. Haka Baba ya ce ma Joel, nan inda kake tsaye."

Tsohon sojan ya daɗe yana kallon jeren duwatsun, daga sama har ƙasa. Sannan ya cire hula, ya mayar da sanda hagu, ya miƙa wa Malam hannun da ke da laka. "Suruki," ya ce, "sannu da aiki." Da yamma motar ta juya ta nufi Kaduna, ba kowa a kujerar baya sai ɗan damin dawa da Saloma ta matsa masa ya tafi da shi.

Malam Haggai, mai gaisawa da duwatsu, surukin gidan da ba a ba shi mata ba, mun gode. Kai ne ka koya mana ƙasa na tafiya, ka kuma tsaya ka riƙe wa tsohuwa tata. An ba ka damar yin ƙarya mai daɗi, ka ƙi, ka ba da ƙarfinka a madadinta. Muna ƙaunarka, kuma gara mu faɗa maka kana ji. Allah ya ƙara wa gwiwarka ƙarfi, ya saka wa Theresa da ta haƙura da kai da tsakuwarka.

Saura mu. Tifofi ba su daina zuwa ba, kuma akwai gonaki da yawa a tsaunukan nan da gumin iyaye ke riƙe da su. Wanda ya san wani abu, kada ya bar shi a allo, ya hau da shi tudu. Wanda bai sani ba ya tambayi tsohuwar gidansu kafin ya kira mai tifa. Mai neman inda zai fara kuwa ya fito ranar Asabar ya bi hanyar Manga, zai ga wani dattijo a kan keke, ya bi bayansa.

In ya isa da wuri, zai tarar da Saloma a ƙofar madafi, tana zaɓar zangarniyar dawa mafi cika daga cikin ɗan abin da ta samu, tana ɗaurewa tana ratayawa a inda hayaƙi zai riƙa bugunta don kada ƙwari su taɓa. Irin baɗi ne.